Leɓen Husaina da Ruwan Zafin Kakarta

Cikin shekarun da na yi ina aikin nas a sashen fata a nan Bauchi, akwai wata azahar da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ba mu daɗe da samun injin leza ba, wanda ke harba haske mai zafi ya ƙone jijiyoyin jinin da suka cukurkuɗe ƙarƙashin fata. Likita ɗaya ne ya iya shi, mu kuwa ko wayar injin tsoron taɓawa muke yi.

Husaina 'yar firamare ce daga Gwallameji. An haife ta da kumburi shuɗi-shuɗi a leɓen ƙasa, ya shiga har gefen harshe. Aka yi mata aikin, ta kwana lafiya, likita ya sallame ta. Na zaunar da uwarta na ce wurin zai kumbura, ƙanƙara kawai za a riƙa ɗorawa cikin tsumma mai tsabta, kada zafi ya kusance shi. Ta gane sarai.

Washegari da azahar sai ga su a keke napep. Leɓe ya yi suntum, ya yi bororo, jini na tsattsafowa, harshe ya cika baki. Numfashi da ƙyar take jansa, yana wani ƙara kamar fito. Ni da ake tsokana wai ba ni da tsoro, ranar nan na tsorata. Na kasa samun jijiyar da zan sa allura, mataron, shugabarmu, ta karɓa ta sa. Likita ya ce in harshen nan ya ƙara tashi hanyar iska za ta toshe, a kira mai ba da maganin barci yanzu. Har aka samu bututu ya shiga maƙogwaronta, ban san abin da bakina ke karantawa ba.

Ashe uwar ta tafi ofis ta bar ta wajen surukarta, wadda ta zo jinya daga Zungur. Ta faɗa mata batun ƙanƙara, tsohuwa ta ga shirmen 'yan boko ne. Ta tafasa ruwa ta gasa kumburin da tawul, ta bi da man zafi.

Na sami tsohuwar a baranda zaune a ƙasa, tana kallon tafin hannunta.

"'Yar nan, haka na gasa wa ubanta duk ciwon da ya taɓa yi," in ji ta. "Ni na kashe ta?"

Na ce tana numfashi, Iya. Ni kaina ban tabbata za ta ci gaba da yi ba.

Husaina ta tashi, sai dai tabon leɓen nan zai bi ta har tsufa. Ku da kuka shigo aikin yanzu, kafin a sallami wanda aka yi wa leza ku tambayi wa zai zauna da shi a gida, ku sa a kawo muku shi ku yi bayanin ido da ido. In tsohuwa ce, ku durƙusa ku gaishe ta tukuna, don hannunta ne zai taɓa ciwon bayan naku.