Muryar da Ba ta Mu'azu ba

Duk wanda ya san Shinaka ya san Mu'azu mai albasa, ba don albasarsa ta fi ta kowa ba, sai don wayarsa. Gajere ne, mai yawan dariya, ga shegen tsoro, ko akuya ce ta yi atishawa a bayansa sai ya waiwaya. Tun yana saurayi yake noman rani a gonar da ya gada a bakin ruwan Goronyo. Bai taɓa faɗa da kowa ba. Matarsa Habi takan ce ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai.

Shekarar da albasa ta yi daraja ya sayo babbar waya, ita kaɗai a layinsu. Aka saka shi a zauren WhatsApp na 'yan garin, inda na gida ke gaisawa da 'ya'yansu da ke neman abinci a Legas da Fatakwal. Shi ke nan wayar ta zama ta jama'a. Bayan la'asar sai ka ga tsofaffi sun zagaye shi a gindin darbejiya, wannan ya danna ya yi magana, ya miƙa wa wancan. Ba mai faɗin sunansa. Don me? Ai kowa a zauren ya san muryar kowa. A saman kowane saƙo dai sunan Mu'azu ke fitowa, da hotonsa sanye da hular sallah.

Ana nan sai 'yan bindiga suka tare hanyar kasuwa, suka tafi da mutane, ciki har da Mashkura, 'yar Baba Halliru makwabcinsa. Tsohon ya daina cin abinci. Wata la'asar ya karɓi wayar, ya danna, ya ce, "Mun san masu kai musu mai da burodi. Cikinmu su ke. Allah na ganin su." Ya miƙa wayar ya fashe da kuka.

Ashe akwai wani ɗan jarida a zauren, Bashir, mai rubutu a wani shafin labarai na intanet daga Sakkwato. Bai san muryar kowa ba, bai kuma tambayi kowa ba. Ya dubi sunan da ke saman saƙon, ya ɗauki hoton, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa Mu'azu Isma'il na Shinaka ya ce sun san masu kai wa 'yan bindiga mai, kuma za su tona musu asiri. Kai, jama'a! Wannan tonon asirin ma ba wanda ya faɗe shi, daga aljihunsa ya ƙara.

Mu'azu na gona yana ban ruwa wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar a sanyaye take, har da 'yar dariya.

"Mu'azu, mun ga hotonka. Hular ta yi ma kyau ƙwarai."

Aka kashe. Nan take ya zauna daɓas cikin laka. Da ya iso gida ya tarar labarin ya riga shi. Mutanen da ke cika gindin darbejiya duk sun watse, wanda ya hango shi sai ya sake hanya. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya zabura. Habi ta tattara yara ta kulle a ɗaki tana ta salati.

Da ƙyar ya samo lambar Bashir. Ya kira shi ya ce, "Malam, mi niy yi maka? Ba ni nif faɗi maganag ga ba. Wayata ce kawai, kowa na magana da ita."

Daga ji, abin ya girgiza Bashir. Ya ce, "Subhanallahi! Ka yi haƙuri, Malam Mu'azu, ban sani ba. Yanzun nan zan cire. Amma mutane sun riga sun ɗauki hotonshi suna ta turawa. Abin da zai wanke ka shi ne gyara. Gaya min wanda yay yi maganar, in rubuta cewa ba kai ba ne, wane ne."

Sunan ya zo har kan harshensa. Wallahi ya zo. Sai ya ɗaga kai ya hango Baba Halliru ta kan katanga, zaune a kan tabarma, ya ƙura wa hanyar daji ido. Mashkura tana hannun mutanen nan. Idan suka ji ubanta ne ya yi maganar, ba sai an gaya wa kowa abin da za su yi mata ba.

"Malam Mu'azu, kana ji na?"

"Ina ji. Ban san mai muryar ba," in ji shi, ya kashe wayar.

Bashir ya cire labarin, ya rubuta cewa an yi kuskure. Da yake ba suna a cikin gyaran, ba wanda ya tura shi wa wani. Hoton mai hular sallah kuwa sai yawo yake yi daga waya zuwa waya. Baƙuwar lambar ta sake kira, wannan karon ba a ce komai ba, numfashi kawai ya ji.

Washegari da hantsi ya loda Habi da yara da 'yan tukwane a motar da za ta Wurno, wurin ƙanwarsa. Yana shirin hawa sai ga Baba Halliru yana dogara sanda. Tsohon ya kama hannunsa ya riƙe gam.

"Ɗana, na ji abin da anka yi. Bari in tai in ce ni na faɗi."

Mu'azu ya so ya ce to. Duk jikinsa ya so ya ce to.

"Baba, koma gida," ya ce. "Mashkura ba ta dawo ba tukuna."

Motar ta tashi, ta bi ta gefen gonarsa. Albasar ta ƙosa, ganyen ya kwanta, cira kawai take jira. Bai samu ya kalle ta da kyau ba, don a daidai nan ne ya ji ƙarar babura a bayansu, ya cire hularsa ya tura ƙarƙashin cinya, ya sunkuyar da kai tsakanin buhuna.