Hannun Baba Ya Riga Shi

Shekara biyar ke nan da rasuwar Baba, kuma har yau in na shiga mota idona ba ya kan hanya, yana kan hannun direba.

Baba direba ne. Shekara ashirin ya yi yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, tun kafin 'yancin kai. Bai yi boko ba, amma shi ya koya mini karatu. Ina aji biyu a sakandare na zo hutu ina kuka, an ce mu haddace ƙasusuwan jikin mutum, in na kama wannan sai wancan ya zube. Ya ce, "Ke 'yar boko, ɗaya-ɗaya kike tsinta? A gonarmu ta garin Sara zangarniya-zangarniya kika ga muna kai gero rumbu? Ɗaure su dami-dami, na hannu daban, na ƙafa daban." Ya ce shi ma da yana koyo, kuloci daban, giya daban, totur daban, gumi na zuba. Daga baya suka haɗe suka zama abu guda, tashi kawai. Da wannan dabarar na ci jarrabawar.

Sai gwamnati ta ce a koma tuƙi ta hannun dama. Baba ya ɗaura jan ƙyalle a wuyan hannunsa don tuni, yana tsokanar Inna wai an sake yi masa lalle. Amma hanyarmu siririya ce, kowa tsakiya yake bi, ba a kaucewa sai an haɗu da wata mota. Yaushe hannu zai saba?

Ranar kasuwar Gwaram ce, da hantsi, ina zaune gaba kusa da shi zan koma makaranta. Muna shan wata kwana sai ga babbar mota. Direbanta bai fi shekara da fara tuƙi ba, ya kauce dama, yadda doka ta ce. Baba ya kauce hagu. Na gani da idona. Bakinsa na cewa "dama, dama," hannunsa ya riga ya gama juya sitiyari. Mai koyo ya yi daidai, gwani ya yi kuskure. Ni hannu kawai na karye.

Yanzu ina koyon aikin jinya. Hanyoyi sun cika da sababbin motoci na kuɗin mai, direbobinsu ba su taɓa sanin hagu ba. Ina tambayar kaina me Baba zai ce in ya gan su. Na fi tambayar me zai ce in ya gan ni, don ni na ƙi barin hannuna ya saba. Allura ma sai na ƙirga: goge, duba kwalba, zuƙa, sake dubawa. Sista Rifkatu, shugabar ɗakinmu, ta gaji da ni. "Ke Hadiza, lissafi kike ko jinya? In kika yi wannan ranar gwaji, sai dai ki tattara ki koma gida."

Makon jiya aka kawo wata yarinya daga Maruta, gudawa ta tsotse ta, ido ya faɗa. Sista na ɗakin haihuwa. Ban ƙirga komai ba. Ban ma san lokacin da na sami jijiyar ba, sai ganin ruwa na yi yana ɗiga. Yarinyar ta tashi. Ni kuwa na zaga bayan ɗaki na durƙusa, don na gane abin nan ya kama ni, shi ɗin dai da ya kashe Baba.

Ban iya raba amfanin sabon nan da haɗarinsa ba. Abin da ya kai dubban mutane gida lafiya shekara ashirin, shi ya kai shi kabari cikin ƙiftawar ido. Wannan ne gadon da ya bar mini, ba mota ba, ba gona ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Jibi ne gwajin. Zan bar hannuna ya yi aikinsa. Amma na roƙi Sista abu ɗaya: duk ranar da aka canza wata ƙa'ida, ko ta kwalbar magani ce, ta mayar da ni layin sababbin shiga, komai shekaruna a aiki.

Ta dube ni, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mu biyu za mu tsaya."