Zaren Kaset a Gonar Mato

Duk Madarunfa babu wanda bai san Mato mai gyaran rediyo ba. Mutum ne marar surutu, amma in ka taka shi ya ajiye maka ke nan, ko bayan shekara goma za ka tarar da kayanka.

A ƙuryar rumfarsa akwai wani tsohon fiyano da wansa Ɗanbaba ya bari, wanda ya yi kiɗa a orkes, wato ƙungiyar makaɗa ta Maraɗi. Abin mamaki ne: kowane maɓalli da nasa zaren kaset a ciki, in ka danna sai zaren ya saki muryar sarewa ko goge. Mato ne ya yi jinyar Ɗanbaba har ya rasu, shi ke kuma share fiyanon duk Juma'a. Ɗan mamacin, Abdoul Aziz, yana can garin Ɗan Issa yana canjin kuɗi, ko ta'aziyya a tsaye ya yi ta.

Sai ga shi bana ya gani a salula cewa Turawa na neman irin wannan fiyano ruwa a jallo, saboda kaɗan suka rage a duniya. Maimakon ya zo ya roƙa da ladabi, sai ya kai ƙara gaban mai gari, ya kira ƙanen uban nasa ɓarawon gado a bainar jama'a. Ni ina wurin, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mato bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kayan ubanka ne, ɗana. Ka zo ran kasuwa ka ɗauka."

Abdoul Aziz ya zo da amalanke ya kwashe, ya kira dillali tun daga Yamai, wanda bai iso ba sai bayan makonni. Aka jona wuta, aka danna, shiru. Dillalin ya buɗe bayan fiyanon, ya ce babu zare ko ɗaya, kuma zaren asali shi masu saye ke bi.

Abdoul Aziz ya dawo a guje, gumi sharkaf. "Baba, don Allah, ina zaren?"

Mato ya ja shi har gona. Hatsi ya yi kai, ga zaren an ɗaɗɗaure a kan sanduna daga wannan iyaka zuwa waccan, yana walƙiya yana korar tsuntsaye. Ruwa ya dake shi, rana ta toye shi.

"Ga shi nan," in ji Mato. "Kwashe abinka. Ɓarawo ya gama da shi."