Saje Bitrus da Kafiretar da Na Taɓa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bitrus, bakaniken da duk tashar Zuru ke kira Saje. A soja ya koyi gyaran mota, a can kuma ƙarar bindiga ta soma cin kunnensa. Aikinsa kafireta ne. Mota in tana tsaye tana karkarwa, ko ta riƙa mutuwa a silo, shi ke daidaita mata mai da iska.

Aikin kunne ne, shi kuwa kunnen ya tafi. Direbobi suka soma gunaguni: kurma zai saita silo? Rannan shugaban tasha ya ce a gwada shi, in ya kasa kowa ya nemi wani bakaniken. Ni direba ne a lokacin, ina jigilar Dirin Daji. Da fijona aka yi gwajin, kuma ni na murɗa sukurun man da hannuna don in ɓata saitin. Kunyar wannan ba ta sake ni ba har yau.

Muka kai masa motar tana rawar ɗari, mutum goma na biye. Yaya ya ɗora tafinsa kan injin, ya zaga ya shinshini hayaƙin salansa. Sai ya dafa bakin sukudireba jikin kafiretar, ya manna ƙotar a muƙamuƙinsa, kamar mai ciwon haƙori, yana jin bugun injin ta ƙashi. Murɗa ɗaya, ƙaramar murɗa kuma, motar ta kwantar da murya.

"Motag ga ba ta da ciwo, taɓa ta anka yi," in ji shi. "Wanda yat taɓa ta kuwa ya san aiki, rabin zagaye kaɗai ya juya. Ni na koya mishi."

Bai dube ni ba. Bai kuma sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Yanzu motoci 'yan Beljiyam masu injekta maimakon kafireta sun cika gari, babu sukurun da za a murɗa. Da yana nan, na san tsaki zai yi, sannan ya naɗe hannun riga ya koya.

Garejin ya zama shagon sayar da katin waya. Abin da ya rage mini shi ne ranar nan: na shirya masa kunya a gaban jama'a, shi kuwa a gabansu ya yabi hannuna. Ina alfahari da shi, kuma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba.