Kifin da Baba Isyaku Ya Kama a Japan

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen kifi a gindin gadar Wudil ya san Baba Isyaku masunci, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne baƙi, mai ƙatuwar murya, tun yana yaro yake jefa birgi, ragar kamun kifi, a kogin nan. Abin da ya kamo matarsa Barakatu ke soyawa a bakin titi, ƙamshin yajinta kuwa ya sa direbobin hanyar Maiduguri taka birki ba su shirya ba.

Mutumin kirki ne, amma yana da wani hali mai gajiyar da jama'a: bai iya cin abin mutum ya tashi haka kawai ba. Ka ba shi goro yau, gobe ka tarar da tarwaɗa a ƙofar gidanka. In ka ce ba sai ya yi ba, ya hau ka da faɗa, wai yaba kyauta tukwici.

To autansa Garzali ya samu tafiya Japan karatun noman shinkafa. Can wani ƙauye aka tura shi koyon aiki, wani tsohon manomi mai suna Kurata ya ba shi ɗaki, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Da yaron ya kammala, ya aiko iyayensa su zo su ga wuri. Isyaku bai damu da jirgi ba, bai damu da sanyi ba. Damuwarsa ɗaya ce, da me zai shiga gidan mutumin da ya ciyar masa da ɗa? Garzali ya hana a zo da bandar kifi saboda ƙarni, don haka Isyaku ya sa aka yi masa kilishi na gani na faɗa, da dambun nama cike da bokiti.

A filin jirgin Japan wani ɗan kare ya zo ya shinshina jakarsa ya zauna. Ma'aikata suka buɗe, suna ta rusunawa suna ba da haƙuri, suka kwashe naman kaf, wai doka ta hana shiga da shi. Yajin Barakatu kaɗai ya tsira.

"Kare!" in ji Isyaku. "Barakatu, kare ne ya tona mana asiri!"

Haka ya shiga gidan Kurata hannu rabbana, abin yana cinsa a rai.

Ƙauyen kuwa, tabarakallah. Gonakin shinkafa ne hawa-hawa a jikin dutse, kore shar, hazo na sauka a kansu da safe. Dajin gora ya kewaye gari, ruwa na gangarowa daga tsauni garau, kana ganin tsakuwar ƙasansa. Isyaku ya yi ta salati. Ko leda ɗaya bai gani a ƙasa ba, har ya tambaya ko wani babba ake jira.

Kurata ɗan tsurut ne, ya ranƙwafa, shi kaɗai a gida tun rasuwar matarsa. Ya riga ya san abin da Musulmi ba ya ci, kullum sai ya cika musu tebur da ƙananan kwanuka. Ga taliya mai kauri cikin romo, ga jatan lande da aka tsoma a ƙullu aka soya kamar ƙosai, ga shinkafa mai danƙo da Barakatu ta ce saura kaɗan ta zama tuwo. Ran nan sai ga kifi an yanka siri-siri an jera, ɗanye jawur.

"Wuta ce ta ƙare masa?" Barakatu ta raɗa wa ɗanta.

"Haka ake ci, Inna."

Isyaku ya zaro ido. Shi da ya tsufa a ruwa bai taɓa jin ɗan Adam ya ci kifi ɗanye ba, sai dai kada. Amma ba a raina abincin mai gida. Ya yi bisimilla ya tsoma a wani baƙin ruwa mai gishiri ya runtse ido ya haɗiye. Abin haushi, sai ya ji daɗi, har ya ƙara. Kowace loma kuwa nauyi take ƙara masa, ga shi yana ta ci ba shi da abin mayarwa.

Ranar da za su tafi, Garzali ya yi sammako zuwa tashar jirgin ƙasa karɓo tikiti. Isyaku ya idar da sallar asuba ya zaga bayan gida, inda wata 'yar ƙorama ke wucewa. Ya leƙa, sai ya daskare. Kifaye ne manya-manya suna yawo a sarari, ba mai kula su. A Wudil kowa ya san ruwa mai gudu na Allah ne, kifin cikinsa na wanda ya kama. Ya tsuguna ya taɓa ruwan, sai ga babbansu, fari mai jan tabo a ka, ya taho da kansa ya sa baki a tafin hannunsa.

"Kai, kifin ƙasar nan bai san masunci ba," in ji Isyaku, ya sure shi.

Barakatu ta shiga kicin ta nuna gwaninta. Kafin tsoho ya dawo daga duba gona, gida ya ɗauki ƙamshi. Da Kurata ya shigo, Isyaku ya ajiye tire a gabansa da hannu biyu, ya nuna bayan gida, ya nuna ƙirjinsa, yana washe baki.

Kurata ya daɗe yana kallon kan kifin. Ya tashi a hankali ya fita ta ƙofar baya. Isyaku ya ɗauka hannu ya je wankewa. Da tsohon ya dawo ya zauna, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ya ɗauki tsinkayen cin abincinsa ya fara ci. Hawaye na zuba.

"Yaji ne," in ji Barakatu. "Bai saba ba, bawan Allah."

Ana haka Garzali ya shigo. Ya dubi tiren, ya buɗe baki, tsoho ya ɗaga ido ya girgiza masa kai. Yaron ya zauna, ya ce shi ya ƙoshi. Isyaku kuwa farin ciki ya cika shi. Da ya ga tsoho zai ajiye tsinke sai ya tura masa wani yanki, ya kuma tura masa kan, don kai na mai gida ne, ya tsare shi da murmushi har ya cinye.

A cikin jirgin ƙasa, gonaki na wucewa ta taga, Isyaku ya miƙe ƙafa ya ce yanzu ya ji shi mutum. "In ka koma, Garzali, akwai saura a ƙoramar nan. Ka riƙa kama wa Kurata ɗaya-ɗaya."

"Baba," in ji Garzali, "tsohon nan ya roƙe ni kada in faɗa maka, amma ba zan iya ba. Wurin nan a tare yake da raga sama da ƙasa, kifayen na kiwo ne, ba a cinsu. Wanda ka kama matarsa ce ta rene shi tun yana kamar yatsa, har suna ta sa masa. Tun da ta rasu, kullum da safe sai ya je ya ba shi abinci a hannu, ya zauna yana yi masa hira."

Barakatu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! To me ya hana shi magana?"

"Ya san an ƙwace tsarabar Baba. Ya ce ba zai bari baƙonsa ya ji kunya sau biyu ba."

Isyaku ya buɗe baki. Ya dubi tafin hannunsa na dama ya daɗe. Can ya juyo, idanunsa sun kaɗa, ya yi magana da wata ƙaramar murya da Barakatu ba ta taɓa jin ya yi ba.

"Barakatu, har kan fa na sa shi ya ci."