Ƙahon da na sa aka yi wa Inna

A lokacin ni matar aure ce a Ƙanƙara, na gama sakandare, ina ganin ba abin da zai shige mini duhu a jinya. Inna, mahaifiyata, ta baro Pauwa ta dawo wurina saboda ciwon ƙoda. An sa mata roba a jijiyar wuya, ta nan ake yi mata wankin ƙoda. Wata safiya ina mata wanka na ga awarwaronta ya nutse a hannun dama, kumburi har kafaɗa. A asibiti aka yi hoto, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya kusa da robar. Ya ba da maganin tsinka jini, ya ce ban da tausa, kuma a kiyaye ta da duk abin da zai yanke ta.

Inna ta kasa zaune ta kasa kwance, ko carbi ba ta iya ja da hannun. Kullum sai ta ce wai ni da ta goya ina kallonta da mataccen jini a jiki, alhali ga wanzami bayan masallaci, ita da tun tana budurwa ƙaho ke raba ta da irin wannan. Na yi ta kai-kawo tsakanin ɗaki da madafa, maganar likita na ja na, nishinta na ja na. Daga ƙarshe na aika aka kira wanzamin. Baba wanzami da ya ga robar sai ya ja baya, ya ce shi bai saba taɓa mai irin wannan ba. Ni na roƙe shi har ya kafa ƙahon a bayan kafaɗa.

Ya cire ƙaho, jini ya ƙi tsayawa. Ɗankwalina ya jiƙe, zane ya jiƙe. Maigida na gona, maƙwabcinmu ya sa mu a mota, ina danne da wurin ina salati, Inna kuwa na cewa in bar kuka, ai mugun jinin ne ke fita. A asibiti an tsayar da jinin, amma dole aka dakatar da maganin, robar ta toshe, sai da aka sa mata wata a ɗaya gefen. Wata nas ta ce mini gudan jinin yana can cikin jijiya, inda ƙaho ba ya kaiwa.

Allah ya bar mini Inna, kuma har yau ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, wannan ya fi ci na. 'Yan uwa masu jinya, in an sa wa naku maganin tsinka jini, kada aska ta kusance shi. Ku bari ya yi fushi da ku, yana da rai.