Ranar da 'Ya'yana Suka Koma Yayana

Jikata ta fari tana aure a nan Sabo ta Ibadan, layi biyu ne tsakaninmu, ta ɓangaren da ke kallon Mokola. Matan gidansu kowacce da sana'arta a tsakar gida, mai awara, mai ɗinki, mai ƙulla zoɓo. Ita tata sana'ar a kwamfuta take. Ita da wasu mutane da ba ta taɓa gani ido da ido ba suna haɗa manhajar da za ta riƙa juya Hausa zuwa Yarbanci saboda ƙananan asibitoci. Misali, ɗan dako ya zo daga kasuwar Shasha, bai yi wata uku a Ibadan ba, ma'aikaciyar jinya kuma ba ta jin Hausa. Sai a rubuta kukansa, ita ta karanta da harshenta.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar na leƙa in gaishe su. Na same ta a bakin ƙofar ɗakinta, kwamfuta a cinya.

"Tsohon mijina, ka zo a daidai," in ji ta. "Zauna in sa ka aiki, ka ci abincin gidan nan da haƙƙi."

"Amarya, ni da na zo a ba ni kunu?"

"Kunu sai wanda ya yi gumi."

Ta yi mini bayani. Manhajar ba ta da hoto ko maɓallan taɓawa tukuna, baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni, ka bi shi da jimlarka, ta ba ka amsa. Sassa uku gare ta: mai karɓar rubutu, mai rarrabe kalmomi, mai fassara. An gwada kowanne shi kaɗai, ya yi. An kuma harhaɗa su dunƙule ɗaya, yadda za a miƙa wa mutane da safiyar Juma'a. Aikinta shi ne ta gwada dunƙulen daga farko har ƙarshe, kuma ba za a sake shi ba sai ta ce ya yi. Ta riga ta zuba masa jimlolin da ta tara a fayil, duk sun wuce lafiya. Har ta gaya wa shugaban aikinsu haka da rana. Abin da take so kawai baƙon hannu ya taɓa.

Na fahimci abin. A Kumasi na san wani bakanike da ba ya yarda da injin da ya gyara, komai daɗin kukansa a gareji, sai an yi wa motar lodin goro ta hau tudu.

Na sa tabarau, na rubuta da yatsa ɗaya: 'ya'yana ba lafiya.

Amsa ta fito: Ara ẹ̀gbọ́n mi kò yá.

Na ce, "Ni dai yayana ya rasu tun ba a haifi uwarki ba. Wa ya ce ba shi da lafiya?"

Ta fi ni Yarbanci, a cikinsa ta tashi, ta gani kafin in rufe baki. Amma sai ta ce, "Yatsanka ne, Alhaji. Ka tsallake wani abu."

Ta karɓa ta rubuta da kanta. Amsa ɗaya. Ta rubuta 'yata ba lafiya. Wannan karon allon bai ce komai ba, ya tsaya kamar mai jiran a ƙarasa magana.

Ta dafa goshi. Ashe ɗan waƙafin nan da muke ɗorawa a saman y, baƙin allon yana ɗaukarsa nasa ne, alamar buɗe zance da rufe shi. Idan ya ga biyu sai ya haɗiye su kafin manhajar ta gani, 'ya'yana ya koma yayana. Idan ya ga ɗaya sai ya zauna jiran na biyu. Jimlolinta na fayil ba ta wannan ƙofar suke shiga ba, shi ya sa ba su taɓa tuntuɓe ba.

Na sha tunanin wannan waƙafin tun daga ranar. A Maraɗi na ga suna yi wa y ɗin lanƙwasa a jikinsa, harafi guda, ba abin da zai faɗi a hanya. A Faransancin da na koya a Abidjan, alamar tana nuna gurbin harafin da aka jefar ne. Tamu kuwa rabin harafin ce. Wanda ya ƙera allon bai san da mu ba, ba kuma da mugunta ba.

Ta kira shugaban nasu, ina ji, da Turanci. Muryarsa a sake take. Ya ce abu ne ƙarami, a rubuta gargaɗi a takardar bayani cewa a riƙa kewaye jimla da wata alama, a saki manhajar gobe yadda aka yi alkawari. Ita ce sabuwa a cikinsu, ita kaɗai ce Bahaushiya, kuma ita ce da bakinta ta ce komai ya yi. Na ga tana murza gefen mayafinta.

Ta ce masa wanda ya kawo yara da zazzaɓi ba zai karanta takardar bayani ba, kuma ma'aikaciyar da ta ga an ce babban mutum ne ba lafiya, tambayar babban mutum za ta yi. Ta ce kuskurenta ne da ba ta gwada ta ƙofar da mutane za su shiga ba, kuma ba za ta sa hannu ba sai an gyara, manhajar ta buɗe tukuna sannan ta nemi jimlar da kanta.

Ya tambaya kalmomi nawa ne haka a Hausa. Ta ce har sunan ranar da yake so a sake ta, Juma'a, yana ciki.

Aka ɗaga zuwa Talata.

Ta ajiye wayar. Ta miƙo mini takarda da biro.

"Rubuto mini duk kalmar da ka sani mai wannan abin a ka. Kada ka rage ko ɗaya."

Na fara da 'yan'uwa, na bi da jama'a da sana'a, ita tana shigar da su cikin gwajin ɗaya bayan ɗaya, ta baƙin allon.